Leda Biyu a Ƙanƙara, Biyu a Bakin Randa

Mantawa kam ba zan taɓa yi ba, don ko ni na so in manta, matan unguwar Yalwawa ba za su bar ni ba. Har yanzu in na je gidan suna aka miƙo mini zoɓo mai sanyi, sai wata ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Ku ɓoye ƙanƙarar nan, Inna ta iso." Su kwashe da dariya, ni ma in taya su, don ba ni da bakin musu. Abin da na yi, da rana tsaka na yi shi, kuma ni da kaina na tara shaidun.

A lokacin na fi shekara ashirin ina aiki a wani asibiti a nan Dutse (ba zan faɗi sunansa ba, laifin nawa ne ni kaɗai). Tun garin bai zama hedikwatar jiha ba nake can. Aikina shara da goge-goge, wanke zannuwan gado, tura marasa lafiya ɗakin tiyata, kai kwalabe ɗakin gwaji. Ban taɓa zama a aji ba, littafin zuwa aiki ma da babban yatsa nake dangwala masa. Amma Allah ya ba ni ido, kuma ban bar shi ya yi barci ba. Na san nas ɗin da take wanke hannu, na san wadda take jiƙa yatsu kawai ta wuce. Na san ɗan jinyar da ya ɓoye jiƙon saiwa a ƙarƙashin gado. A gabana kowa Inna yake ce mini, a bayana kuwa Sajan. Suna zaton ban sani ba. Na sani sarai, kuma (Allah ya yafe mini) daɗi nake ji.

Akwai abin da ya fara kumbura mini kai. Ina sabuwar zuwa, wata rana aka manta da ledar jini a kan taga, rana ta dake ta har ta lalace. Wani tsohon likita da muke da shi a lokacin ya tara mu ya yi ta faɗa, sannan ya nuna ni da biro ya ce, "Ke, na ga kina da lura. Duk ranar da kika ga jini a waje ki kai shi firji, ko wa ya ajiye." Shi ya faɗa ya wuce, wataƙila kafin la'asar ya manta. Ni kuwa na riƙe maganar kamar an naɗa mini rawani. Shekaru suka yi ta tafiya, likitoci suka zo suka tafi, ni ina nan da dokata ɗaya: jini, firji.

Shekarar da aka fara shari'a abin ya faru, lokacin da muka koma zura dogon hijabi a kan rigar aiki. Tsakiyar bazara ce, irin zafin nan da duwatsun garin suke tarawa su juyo maka da shi. Aka kwantar da wata yarinya, Sa'adatu, a ɗakin masu ciki. Matar Malam Habu ce, ɗan wani gidan malamai a Yalwawa, gidan da ake karatu tun kakanni. Cikin fari ne, ya isa haihuwa, ɗan kuma ya kwanta a gicciye, dole sai an yi aiki. Babbar matsalar ita ce jininta ba ya tsayawa. In ta yi asuwaki, dasashinta ya dinga zuba ke nan har a gaji da kawo kasko. Duk inda aka soka mata allura sai wurin ya yi baƙi kamar an doke ta. Likita ya ce in ya sa wuƙa a haka ɗan zai fito, uwar ce ba shi da tabbas a kanta.

Abin da za a ƙara mata babu shi a Dutse, sai Kano. Ranar Litinin mai ɗakin gwajinmu, Mista Bitrus, ya ɗebi Malam Habu da ƙannensa uku suka tafi can a ɗebi jininsu. Bitrus mutumin Filato ne, siriri, shiru-shiru, yana haya a unguwar Takur. Mama yake ce mini, kuma bai taɓa wuce ni bai rusuna ba. A ranar Litinin ɗin aka tara ma'aikata aka yi musu bayanin abin da za a kawo da yadda ake kula da shi. Ni kuwa Litinin ce ranar hutuna. Da na dawo Talata, abin da kunnena ya tsinta kawai shi ne, "An kawo wa Sa'adatu jini daga Kano da sassafe. Da la'asar za a shiga da ita, in mai allurar barci ya iso daga Jahun." Ban tambayi kowa komai ba. In tambaya? Ni?

Da hantsi aka ɗauke wuta. Aka je tada janareta, babu mai (lokacin ana fama da ƙarancinsa, sai ka zagaye gari da jarka). Bitrus ya ɗaure jarka a babur ya fita nema. Can sai babbar sista ta ƙwala mini kira, ta ce in nemo mata Hauwa maza, mata biyu sun zo haihuwa lokaci guda. Hauwa ƙaramar nas ce, ba ta fi wata shida da fara aiki ba, in na yi tari sai ta gyara tsayuwa.

Na zagaya ko'ina ban gan ta ba, sai a wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin gwaji, wanda aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Ƙofa a rufe, taga a rufe, an ja labule. Na tura. Ga Hauwa zaune a kujera da faranti a cinya, tana karkata shi dama da hagu a hankali, har da ɗan gunguninta na waƙa. A kan farantin ledoji huɗu ne ƙanana, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Abin da ke ciki kuwa ba ja ba ne. Ruwan ɗorawa ne, gurɓi-gurɓi, kamar romon kaza.

Na ce, "Hauwa, me nake gani haka?"

Ta ce, "Inna, don Allah turo ƙofar, sanyin ɗakin zai fita. Na Sa'adatu ne."

Ni a wani ƙauye kusa da Jahun na tashi, rugar Fulani tana bayan gidanmu. Na san abin da zafi yake yi wa nono, na san abin da kaɗawa take yi masa: mai ya ware gefe, tsala ta ware gefe. Nan take na gama shari'ata a zuci. Yaran nan sun bar jinin mutane a waje, sun kaɗa shi, sun kaɗa shi, har jan ya gudu ya bar ruwa.

Na ce, "Tashi, babbar sista na kira, mata biyu na kan gwiwa."

Ta miƙe da farantin, ta rasa inda za ta sa kanta. "Wayyo, Mista Bitrus ya ce ko me za a yi kar in tashi. To Inna, riƙe mini. Haka za ki dinga yi a hankali, kar ki tsaya. Kuma don girman Allah kar ki sa..."

"Ke! Ni za ki koya wa jini? Ina ɗaukar jini a asibitin nan kina bayan uwarki a goye. Wuce!"

"Inna, ai wannan ba irin..."

"Na ce wuce!"

Ta fita tana waiwaye. (Na sha zama ina juya waɗannan maganganu biyu da na gutsure mata a baki. Ko ɗaya na bari ta kai ƙarshe, da yau ina shan zoɓona lafiya.)

Na kwashi ledojin na rufa musu hijabi kamar mai ɓoye jariri daga rana, ƙofar ɗakin ma na bar ta a wangale. Firjin jini a kulle, makulli yana aljihun Bitrus. Na ja tsaki na nufi ɗakin rigakafi, inda akwai wani ƙaramin firji mai aiki da kananzir, wanda ba ruwansa da ɗauke wuta. Ƙasansa cike yake dam da kwalaben allurar yara, ko yatsa ba zai shiga ba. Sai sama, inda ake daskarar da ƙanƙara. Na ce ai ma gara nan, jinin da ya sha zafi haka sanyi mai ƙarfi yake so. Na ture-ture, na samu gurbin leda biyu tak, na cusa su tsakanin ƙanƙara, har na danna su da kyau don sanyi ya ratsa.

Saura biyu a hannuna. Na tsaya ina tunani, sai na tuna da randata. A ɗakinmu na masu shara ina da wata tsohuwar randa da na girke a kan jiƙaƙƙen yashi a lungu, inda rana ba ta kaiwa. A bakinta nakan ɗora kwanon sha mai murfi, in ajiye gorona a ciki don kar ya bushe. Na juye goron, na goge kwanon, na shimfiɗa ledojin biyu, na rufe, na mayar bakin randa. Har haƙuri na ba su. Na ce, "Ku yi haƙuri, ku ne marasa gata yau. Bari 'yan'uwanku su sha sanyi, in zo in canza ku."

Na yi goge-gogena na ɗan lokaci, sannan na kama hanyar zuwa yin canjin. Hanyar kuwa ta baranda take bi, inda dangin Sa'adatu suka shimfiɗa tabarmi. Ga uwar Malam Habu, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, 'yar tsohuwa da carbi, ga mata kewaye da ita. Ga Malam Habu da ƙannensa a gindin dalbejiya, filasta manne a gwiwar hannu. Da na gaishe su na wuce, da shi ke nan. Amma ina! Bakina ya yi ƙaiƙayi.

Na ce, "Gwaggo, ku gode wa Allah da ya sa yau ba ranar hutuna ba ce."

Ta ce, "Lafiya, Inna?"

Na gyara hijabi na zauna a gefen tabarma, na ba su labari tiryan-tiryan: yadda na tarar da jinin 'ya'yanta a faranti ana wasa da shi kamar gyaɗa a faifai, yadda launinsa ya riga ya juya, yadda na ƙwace shi da ƙyar. Mata suka hau salati. Gwaggo ta kama hannuna tana ta sa mini albarka, ta kwance bakin zane ta ba ni farin goro guda, ƙato.

Malam Habu ya matso, ya tsuguna, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, a gafarce ni. Amma a mota na ji Mista Bitrus yana cewa shi wannan ɗin..."

Na ɗaga masa hannu. "Malam, ku da littattafanku, mu da asibitinmu. In na zo gidanku da tambayar gado, ba zan yi maka gyara ba."

Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya koma inuwa. Ni kuwa na ci gaba. Duk wadda ta iso da kwanon abinci sai a ce, "Inna, maimaita mata." In maimaita, kuma kowane zagaye labarin sai ya ƙara tsawo. A zagaye na uku har kokawa muka yi da Hauwa. Canjin ledoji kuwa ya fita daga kaina fit. Na fi sa'a ɗaya da rabi a kan tabarmar nan.

Ana gab da kiran azahar Bitrus ya dawo, rigarsa sharkaf da gumi, jarkar ko rabi ba ta kai ba. Ya shiga ɗan ɗakin nan. Ko minti ɗaya bai yi ba ya fito a guje da faranti wayam a hannu, yana kiran "Hauwa! Hauwa!" Ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. Hauwa ta fito daga ɗakin haihuwa da safar hannu, babbar sista a bayanta, likita ma ya leƙo daga ofis. Ina zaune ina kallo. Da gangan na jira sai da wuri ya cika, sannan na miƙe a hankali.

Na ce, "Bitrus, kwantar da hankalinka. Abin da kake nema yana hannun manya."

"Mama, ina ledojin?"

"Suna inda ya kamata ka sa su tun farko. Kai da ka yi karatu har da takardar shaida, ka ɗauko jinin bayin Allah tun daga Kano, ka bar wa yarinya tana rawa da shi a cinya? Likita, ina faɗa a gabanka, yaran yanzu sai an tsaya a kansu. Ku biyo ni."

Na shige gaba, suka biyo ni a jere: likita, babbar sista, Bitrus, Hauwa, Gwaggo da matanta, Malam Habu da ƙannensa, har da wani mai karyayyen hannu da ba ruwansa da maganar. Na buɗe firjin, na zaro ledojin nan biyu, na ɗaga su sama don kowa ya gani. Sun yi tauri, farin sanyi ya lulluɓe su, kamar zoɓon leda da ake tsotsa.

Na jira a yaba. Hauwa ta toshe baki da hannu biyu. Bitrus ya jingina da bango, ya zame a hankali har ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Mama, kin kashe su."

Na ce, "Na kashe wa?"

Bai yi mini tsawa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Daga zaunen da yake ya yi mini bayani da Hausarsa ta mutanen Filato, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce wannan ba jinin da na sani ba ne. A cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda in mutum ya ji ciwo su ne suke ruguwa su toshe bakin ciwon (ya faɗi sunansu na Turanci, har yau harshena ya ƙi ɗauka). Su ne suka yi wa Sa'adatu ƙaranci. A Kano inji ya juya jinin mutum huɗu, aka ware jan gefe, aka tsamo su kaɗai, shi ya sa launin yake haka. Ya ce masu rai ne, ta jikin ledar suke shaƙar iska, don haka ake jijjiga su, kar su taru wuri ɗaya su shaƙe juna. Zafi yana kashe su, sanyin firji yana nakasa su, ƙanƙara kuwa fasa su take yi. Tsaka-tsaki suke so, kamar inuwar bishiya da safe. Kuma duk gatan da za ka yi musu, kwana biyar ne iyakarsu.

Ya miƙe ya karɓi leda ɗaya daga hannuna, ya share farin sanyin da yatsa. "Ga shi ma an rubuta da jan biro, Mama, manya-manya. Kada a sa a firji."

Na kalli jan rubutun nan. Tun ɗazu nake ganinsa, na ɗauka ado ne na mutanen Kano. Goron Gwaggo yana kumatuna, na rasa yadda zan yi da shi, haɗiya ta gagara, tofarwa ta gagara. Ga ni dai tsaye da leda ɗaya a sama kamar mai talla, hannun ya ƙi sauka.

Bitrus ya duba takardun da ke manne a jiki. Ya ce, "Wannan ta Malam Habu ce." Ya juya ɗayar, ya ɗan yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Wannan kuma tawa ce."

Gwaggo ta ce, "Taka kamar yaya, ɗan nan?"

Malam Habu ne ya amsa. Ashe a Kano an ƙi ɗibar na autansu don bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, sai Bitrus ya naɗe hannun riga ya hau gadon, ya kuma ce kar a faɗa a gida. To, ga yadda aka ji a gida. Ni na tona, da ƙanƙara.

Likita ya juyo gare ni. "Huɗu aka kawo. Ina biyu?"

Nan ne kunya ta biyu ta rufe ni, don a tunanina waɗancan su na wulaƙanta. Na ce, can ƙasan maƙogwaro, "Suna randa."

"Ina?"

"Randa, likita. Wurin gorona."

Bitrus ya riga kowa isa. Ya ɗaga murfin kwanon, ya zura ma'aunin zafi, muka tsaya cirko-cirko kamar masu jiran ganin wata. Ya zaro ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa likita. Sannan ya ɗauki leda ɗaya ya je bakin taga, ya ɗaga ta a haske, ya ɗan matsa ta da yatsa. Wallahi na gani da idona: wani abu yana murɗawa a ciki yana sheƙi, kamar hayaƙi a cikin ruwa. Ya gwada ɗayar, haka. Ya ɗaga wadda na daskarar, wadda ta fara narkewa, ba abin da ya motsa sai gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke.

Ya ce, "Likita, waɗannan biyun suna da rai!"

Wato waɗanda na yi wa gata su na hallaka, waɗanda na ba haƙuri su suka tsira. Kuma da ban tsaya cika baki a baranda ba, da na je na yi canjin nan, na gama da duka huɗun. Surutuna ne ya ceci rabin jinin Sa'adatu daga hannuna.

Likita ya ce biyu rabin abin da ya nema ne, amma aikin ba zai jira a sake komawa Kano ba. Zai shiga da su, sai dai a sami wanda za a ɗebi sabon jininsa a tsaya da shi, don jinin da aka ɗiba yanzu-yanzu akwai ƙwayoyin nan a ciki da ransu. Mazan gidan jiya aka ɗebi nasu, ba dama. Na yi wuf na janye hijabi na miƙa hannu. "A ɗebi nawa. Duka ma a kwashe."

Bitrus ya matso ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa. Ya ce, "Mama, ke ma da za a samu, ƙari ya kamata a yi miki."

Mai karyayyen hannun nan ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya biyo, har Gwaggo tana rufe baki da carbi. Aka gwada na Hauwa ya dace da na Sa'adatu. Yarinyar da na kora da tsawa ita ta hau gado ta miƙa hannu, ko kallon banza ba ta yi mini ba.

Man da Bitrus ya samo kaɗan ne, aka ce a tanada wa tiyata. Ɗan ɗakin nan mai sanyi kuwa, tunda na bar ƙofarsa a buɗe, ya koma kamar gidan burodi. Likita ya dubi randa ya dube ni, ya ce, "Yanzu duk asibitin nan babu inda ya fi bakin randar nan dacewa da su. Inna, tunda ke kika kwantar da su, ke za ki yi renonsu. A hankali, dama da hagu, kar ki tsaya."

Na ja kujerar tsuguno na zauna. Ni, Sajan guda, daga azahar har la'asar ina karkata kwanon goro a bakin randa, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa sai ya leƙo. Masu sharar da nake kora da tsintsiya suka samu ranar sallarsu. Wata ta ce, "Inna, ya yi barci ko a kawo zanen goyo?" Wata ta ce, "Sajan, a yi masa 'yar waƙa mana." Ranar aka fara kirana da sunan a gabana, kuma ban ɗaga kai ba.

Dariya suke yi, amma ni ba ta dariya nake ba. Ina karkata kwano ina lissafin cewa in yarinyar nan ba ta fito ba, ba ciwo ne ya kashe ta ba, ni ce. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har wadda ake yi in za a hau mota.

Can sai ga Gwaggo ta shigo da sandarta, ta zauna kusa da ni. Na ɗauka goronta ta zo karɓa. Ta ce, "Ba ki yi azahar ba. Tashi ki yi, in riƙe miki." Na miƙa mata kwanon. Ta ce, "Tsaya, faɗa mini yadda ake yi tukuna. Ni zan saurara har ki kai ƙarshe." Tsohuwar nan ko murmushi ba ta yi ba. Na gwammace mari.

Bayan la'asar mai allurar barci ya iso. Aka ɗaura wa Sa'adatu ledojin biyu suka shige, sannan aka ce a turo ta. Turawa kuwa aikina ne. Muna tafiya a baranda ta kamo gefen hijabina, ashe ba wanda ya gaya mata abin da ya faru.

Ta ce, "Inna, an ce ke kika adana mini jinin. Allah ya saka."

Na ce, "Rabi, 'yar nan. Rabi na adana. Ki yi ta salati."

Na tsaya a ƙofar tiyata, na ƙi zama. Muka ji kukan jaririya, mata suka fara murna, ni ban motsa ba, don ba ita nake jira ba. Aka leƙo aka karɓi jinin Hauwa aka shiga da shi. Rana ta yi ja sannan likita ya fito yana cire abin rufe hanci. Ya wuce Malam Habu, ya wuce Gwaggo, ya tsaya a gabana ya ce, "Jinin ya tsaya, Inna. Je ki zauna kafin ke ma mu kwantar da ke."

Washegari da safe na sami Bitrus a ɗakin gwaji, na durƙusa. Ya yi tsalle kamar ya taka wuta. "Mama, tashi don Allah, kar ki ja mini!" Na ce sai ya yafe mini jininsa. Ya ce ya yafe, wani zai tsiro, amma da sharaɗi: in ba shi aron randar nan. Ya girke ta a ɗan ɗakin nan na baya, da yashinta da kwanonta, ya rataya mata ma'aunin zafi, saboda ranar da za a sake ɗauke wuta. Ya kuma fara ɗaura jan zare a wuyan duk ledar da ba ta son firji, don irina da ba mu san biro ba. Hauwa kuwa kwana bakwai ina kai mata zogale da hanta, tana cewa ya isa, ina cewa ta rufe mini baki ta ci. (Hali dai ba ya fita rana ɗaya. Da na ga randata a ɗakin gwaji har kaina ya fara kumbura kuma, sai na tuna da zoɓon leda, ya sace.)

Ranar suna Gwaggo ta aiko musamman a ɗauko ni. Ta zaunar da ni a tsakiyar mata ta ce, "Ga wadda ta kashe biyu ta raya biyu. Ku ba ta ruwa, amma na randa." Daga nan tsiyar ta samo asali, ga shi jaririyar har ta yi nata 'ya'yan ba a daina ba.

Ido dai har yanzu ina da shi, faɗa ma ban ajiye ba, kar wani ya ji labarin nan ya ɗauka na yi laushi. Abin da ya canza ɗaya ne. Yanzu in na ƙasa da ni ya buɗe baki, ko jikata ce, sai in jefa goro a baki in yi ta tauna har ya kai ƙarshen maganarsa. In na tabbata babu "kar ki sa" a ciki, sannan in tofar in yi masa faɗan.